Su-24: Jirgin da ke naɗe fukafukansa, da tambayar da na'urorinsa suka kasa amsawa

Da safiyar Talata, 24 ga Nuwamban 2015, mazauna ƙauyukan da ke kan tsaunukan arewacin Latakiya, dab da iyakar Siriya da Turkiyya, suka ɗaga kai suka hangi wuta tana sulalowa daga sama, baƙin hayaƙi na biye da ita kamar jela. Jirgin yaƙin Rasha ne, samfurin Su-24M, wanda wani jirgin F-16 na Turkiyya ya harbo. Laima biyu suka buɗe a sararin sama. Matuƙin, Laftanar Kanar Oleg Peshkov, bai taka ƙasa da ransa ba, domin mayaƙan da ke ƙasa sun buɗe masa wuta yana lilo a ƙarƙashin laimarsa. Abokin aikinsa, Kyaftin Konstantin Murakhtin, ya ɓuya a cikin daji har aka zo aka ɗauke shi, kuma a wajen neman nasa wani sojan Rasha ɗaya ya rasa ransa.

Turkiyya ta ce jirgin ya keta sararin samaniyarta na tsawon daƙiƙa 17, bayan an gargaɗe shi sau 10 cikin minti 5. Rasha ta ce sam bai ƙetare iyaka ba, Murakhtin kuma ya shaida wa 'yan jarida cewa babu gargaɗin da suka ji, daga baya kawai makamin ya same su. Watanni bakwai ƙasashen biyu suka yi suna zaman doya da manja.

A ranar ce mutane da yawa suka fara jin sunan wannan jirgi, alhali kuwa tsoho ne, ya shekara 40 yana aiki. An ƙera kusan guda 1,400 a masana'antar birnin Nobosibirsk kafin a daina a 1993. Ya yi ruwan bama-bamai a Afganistan da Checheniya da Jojiya da Libiya da Sudan da Yaman da Siriya, yau kuma a Yukiren ɓangarorin biyu duk suna tashi da shi. Duk wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa fukafukan nan masu motsi, waɗanda su ne suka fi jan ido, ba su ne zuciyar labarin ba. Zuciyar labarin tana cikin idanun jirgin da ƙwaƙwalwarsa: abin da suke iya gani, da abin da ba za su taɓa gani ba.

Gudu a ƙarƙashin idon maƙiyi

Har zuwa ƙarshen shekarun 1950, mafakar jirgin yaƙi ita ce ƙololuwar sama. Idan ya yi nisa sosai, igwa ba ta kai masa. Wannan tunani ya rushe ranar 1 ga Mayun 1960, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta kaɓo jirgin leƙen asirin Amurka U-2 daga nisan kusan kilomita 20, da makami mai linzami na S-75. Daga ranar hafsoshin Gabas da na Yamma suka gane cewa sama ta daina zama wurin ɓuya. Mafita ɗaya ta rage: a yi ƙasa.

Dalilin a sarari yake. Na'urar rada, wadda ke aika igiyar lantarki ta jira amsarta ta dawo, a miƙe take gani, duniya kuwa a lanƙwashe take. Jirgin da ke tafiya a mita 200 daga ƙasa, radar da ke kafe a fili ba za ta hango shi ba sai ya matso kimanin kilomita 70. Idan yana gudun kilomita 1,300 a awa, masu tsaro na da minti 3 da 'yan kai su gan shi, su tantance shi, su nemi izini, su harba. Idan akwai tudu ko kwari da zai bi, lokacin ya ƙara tsukewa.

Amma tashi ƙasa-ƙasa da irin wannan gudu azaba ce. Iskar da ke kusa da ƙasa a hargitse take, tana jijjiga jirgi kamar motar da ta hau hanyar gargada da gudu. Jirgi mai faffaɗan fiffike kowace guguwa sai ta daki ƙirjinsa, har matuƙi ya kasa karanta agogunan da ke gabansa. Abin da ake so a nan shi ne ɗan ƙaramin fiffike a manne da jiki. To amma jirgi mai nauyin kusan tan 40, cike da mai da bama-bamai, ba zai ɗaga daga gajeren filin jirgi da ƙaramin fiffike ba. Ana son abu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya.

Dabarar shaho

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya ga amsar da idonsa. Shaho yana shawagi a sama fukafukai a baje, ko kaɗa su ba ya yi. Da zarar ya hangi ɗan tsako, sai ya naɗe su a jikinsa ya faɗo kamar dutse. In ya suri abinsa, ya sake baje su ya ɗaga. Abin da injiniyoyi suka shekara 20 suna nema ke nan a yi da ƙarfe.

Jirgin gwaji na Amurka Bell X-5 ne ya fara sauya tsayuwar fukafukansa yana cikin tafiya, a 1951. Wahalar ita ce duk lokacin da fiffike ya ja da baya, daidaiton jirgin sai ya gurɓace. Sai a ƙarshen shekarun 1950 masu bincike a cibiyar Langley ta Amurka suka gano cewa idan aka kafa ƙusar da fiffiken ke juyawa a kanta ɗan nesa da gangar jikin jirgi, matsalar tana raguwa sosai. Daga nan aka samu F-111, wanda ya fara tashi a Disambar 1964.

Ofishin ƙira na Pavel Sukhoi da farko wata hanyar ya bi. Jirginsu na gwaji, T-6-1, wanda Vladimir Ilyushin ya fara tashi da shi a Yulin 1967, fiffikensa a kafe yake, sai aka dasa masa ƙananan injuna huɗu a tsaye a cikin cikinsa don su cilla shi sama wajen tashi. Injunan suka cinye wurin mai, suka kuma sa jirgin yana tangaɗi wajen sauka. Aka watsar da su, aka koma ga fiffike mai motsi. Ranar 17 ga Janairun 1970 sabon samfurin ya tashi, a Fabrairun 1975 kuma aka karɓe shi a hukumance da sunan Su-24. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba: jirage da dama sun faɗi a lokacin gwaji, matuƙan gwaji kuma sun biya da rayukansu.

Fiffiken yana da mazauni huɗu. A digiri 16 yana baje, faɗinsa daga wannan baki zuwa wancan mita 17.6, wannan na tashi da sauka ne. A digiri 35 da 45 ana tafiyar dogon zango. A digiri 69 ya naɗe, faɗin ya koma mita 10.4, jirgin ya zama kamar kan mashi, injunansa biyu samfurin AL-21F suna tura shi har ya wuce saurin sauti yana shafar kan itatuwa. Akwai wata 'yar dabara da ba kowa ke lura da ita ba: maratayan makamai biyu da ke ƙarƙashin ɓangaren fiffiken da ke motsi su ma juyawa suke yi, ta yadda ko ina fiffiken ya karkata, hancin makamin na kallon gaba.

Mutum biyu, kafaɗa da kafaɗa

A yawancin jiragen yaƙi masu ɗaukar mutum biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya. A Su-24 zaman kafaɗa da kafaɗa ake yi, matuƙi a hagu, jagoran hanya a dama. Ba don jin daɗin hira aka yi haka ba. Farantin radar da aka tanadar wa jirgin faɗi gare shi, dole hancin ya yi faɗi, sai aka ga tunda wuri ya samu gara a jera kujerun. Amfanin ya zo daga baya: a cikin dare, ana gudu a tsakanin tuddai, jagora na iya nuna wa matuƙi abu da yatsa ba sai ya yi magana ba.

Ka ƙaddara kana kujerar dama. Waje duhu ne ƙirin, ko gajimare ya rufe gilashi. Kanka a sunkuye yake, fuskarka a cikin murfin allon rada, inda ƙasar da ke gabanka ta koma ɗigo-ɗigon haske. Kogi baƙin zare ne, gadar ƙarfe farin tabo, masana'anta dunƙulen haske. Aikinka shi ne ka gane tabon da aka aiko ka nema, ka ɗora masa alama, ka bar wa kwamfuta sauran. A kowace daƙiƙa jirgin na cin mita 360. In ka makara da daƙiƙa ɗaya, bam ɗin ya wuce inda aka nufa da tsawon filin ƙwallo uku.

Tarin na'urorin da ke yin wannan aiki ana kiran su PNS-24, laƙabinsu Puma, kuma su ne karo na farko da Tarayyar Sobiyet ta haɗa neman hanya da saitin makami a tsari guda a ƙarƙashin kwamfuta, a jirgin kai hari na fagen daga. Rada biyu ne a cikin hancin. Babbar, Orion-A, ita ke zana taswirar ƙasa ta nemo abin hari. Ƙaramar, Relyef, ba ta da aiki sai kallon tudun da ke tafe, tana faɗa wa na'urar tuƙi ta ɗaga hanci ko ta sauke. Kwamfutar Orbita kuma tana haɗa gudu da tsayi da iska da nauyin bam, ta fitar da daƙiƙar da za a sake shi. Wayar da ke aljihunka yau ta fi wannan kwamfuta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a zamaninta ita ta ba Sobiyet abin da ba ta da shi a da: jirgin da zai kai hari cikin dare, cikin ruwan sama, ba tare da matuƙi ya ga ƙasa ba.

Samfurin Su-24M, wanda ya fara tashi a 1977 ya shiga aiki a 1983, ya zo da tsarin Tigr. An ƙara masa bututun shan mai a sama, da wata taga a ƙarƙashin ciki mai ɗauke da na'urar Kaira: kyamarar talabijin haɗe da hasken leza. Jagora zai ɗora ɗigon hasken a kan gini, bam mai ido a hanci ya bi ɗigon, na'urar kuma tana iya ci gaba da waiwayen wurin ko da jirgin ya gota shi. Sai dai leza na son sarari garau. Hayaƙi ko gajimare ko ƙura mai kauri irin hazon hunturu na iya yanke hasken, bam ɗin ya zama makaho a tsakiyar hanya.

Domin kare kai, akwai na'urar Beryoza da ke kunna fitilu ta yi ƙara idan radar maƙiyi ta kama jirgin, da wata mai hango zafin makamin da aka harbo, da na'urar dagula rada, da bututun da ke fesa tartsatsin wuta da ɓarɓashin ƙarfe don ruɗa makami. Abin da ya faru a Latakiya ya nuna iyakar waɗannan duka. Bayansa ne Rasha ta kai makaman S-400 sansanin Humaimim, ta kuma sa jiragen faɗa suna yi wa masu kai hari rakiya.

Kayan da ke rataye

Maratayai takwas ne, huɗu a ciki, huɗu a fukafukai, kuma suna iya ɗaukar har tan 8. A cikin jikin jirgin, ta ɓangaren dama, an ɓoye igwa mai baki shida, GSh-6-23, wadda ke aman harsashi wajen 9,000 a minti. Harsashi 500 ake zuba mata, wato in aka danne kunamar ba a ɗaga ba, cikin daƙiƙa uku da ɗoriya ta ƙare. Ƙarfin girgizarta kan wahalar da jirgin kansa, shi ya sa ba a cika amfani da ita ba.

Makamai masu linzami kala-kala ne, kowanne da irin idonsa. Kh-25ML da Kh-29L hasken leza suke bi, na biyun kuma kansa kaɗai ya haura kilo 300, an yi shi ne don gadoji da rumbunan kankare. Kh-29T kyamara ce a hancinsa, a nuna masa hoton abin hari ya riƙe shi da kansa. Kh-59 yana aiko wa jagora hoton abin da yake gani yana cikin tafiya, jagoran ya gyara masa hanya da ƙaramar sandar sarrafawa daga nesa. Kh-58 da Kh-31P kuwa mafarautan rada ne: suna sauraron igiyar da radar maƙiyi ke fitarwa, su bi ta har gida, daga nisan da ya haura kilomita 100. Akwai bama-bamai masu linzami na KAB, masu kilo 500 da masu kilo 1,500. Akwai ƙananan makaman R-60 guda biyu don kare kai daga wani jirgi, waɗanda ba su wuce wuƙar aljihu ba in aka gamu da jirgin faɗa na gaske. Sama da duka, an tanadi jirgin ya ɗauki bam ɗin nukiliya na fagen daga.

Wannan shi ne jerin da ake bajewa a gaban jirgi ranar baje koli. Amma kayan da ya fi ɗauka a rayuwarsa ta zahiri ba su ba ne. Su ne FAB-250 da FAB-500 da OFAB, tulunan ƙarfe cike da nakiya waɗanda ba su da ido ba su da kunne, da rokoki marasa linzami, da RBK, wanda ke buɗewa a sama ya watsa ƙananan bama-bamai a fili mai faɗi. Waɗanda ba su fashe ba sukan kwanta a gona shekara da shekaru suna jiran fartanya ko hannun yaro. Dalilin fifita su ba ɓoyayye ba ne: suna da arha, kuma rumbunan Sobiyet cike suke da su.

Yaƙin da bai zo ba, da waɗanda suka zo

An ƙera Su-24 ne saboda dare guda: daren da yaƙi zai ɓarke tsakanin Sobiyet da ƙungiyar NATO, ya tsallaka filayen Jamus ƙasa-ƙasa ya rusa filayen jirage da gadoji da tashoshin jirgin ƙasa. Dukkansu abubuwa ne manya, na ƙarfe da kankare, a kafe wuri guda, an san inda suke a taswira, kuma suna haskawa fes a allon rada. Allah bai kawo wannan dare ba.

Inda aka fara jarraba shi shi ne kwarin Panjshir na Afganistan, a Afrilun 1984, a farmakin da aka kai wa mayaƙan Ahmad Shah Mas'ud. A nan komai ya juye. Tsaunukan sun fi ƙarfin tashi ƙasa-ƙasa, don haka daga can sama aka riƙa sakin bam. Radar da ta iya tsamo gadar ƙarfe daga tsakiyar fili ta kasa raba gidan laka da dutsen da ke bayansa, balle ta raba mai ɗauke da bindiga da mai ɗauke da itace. Sai aka koma zubar da bam a kan yanki, ba a kan abu ba. A Checheniya, daga 1994, jirgin ya yi aiki a ranakun hunturu da gajimare ya hana wasu jirage tashi, kuma birnin Grozni, da mutanensa a ciki, ya ɗanɗana abin da aka tanadar wa sansanonin soja.

Da Rasha ta shiga yaƙin Siriya ranar 30 ga Satumban 2015, Su-24M guda 12 na cikin jiragen farko da suka sauka a Humaimim. Da yawansu na ɗauke da sabuwar na'ura mai suna SVP-24, ta kamfanin Gefest. Hikimarta ita ce, maimakon a sa wa kowane bam ƙwaƙwalwa mai tsada wadda za ta tarwatse tare da shi, a sa wa jirgin ƙwaƙwalwa ɗaya mai kyau. Na'urar tana karɓar matsayin jirgi daga taurarin ɗan'adam na GLONASS, ta auna iska da gudu da yanayi, ta saki bam da kanta a daidai lokacin da lissafi ya cika. Rasha ta ce dacensa ya kusa kai na bam mai linzami, masana da yawa a waje kuma ba su gamsu ba. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Domin tsoron makaman da ake harbawa daga kafaɗa, jiragen sun riƙa tashi a tsayin mita dubu huɗu zuwa biyar. Bam ɗin da aka saki daga mita 5,000 yana yin fiye da daƙiƙa 30 kafin ya isa ƙasa, yana cin kilomita bakwai ko takwas a gaba, kuma a duk wannan tafiya babu mai iya ce masa ya karkata. Kuskuren mita hamsin a kan sansanin soja a sahara ba komai ba ne. A unguwar Halab ko Idlib, mita hamsin shi ne tsakanin gidan da aka nufa da gidan burodin da mutane suka yi layi a ƙofarsa. A Disambar 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton da ya ce hare-haren Rasha sun kashe fararen hula aƙalla 200, Mosko kuma ta ƙaryata.

Daga Belarus zuwa duwatsun Nuba

Tun a ƙarshen zamanin Sobiyet aka fara sayar da samfurin Su-24MK ga ƙasashen waje: Iraƙi, Libiya, Siriya, Aljeriya da Iran. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Iraƙi ta tsallakar da guda 24 zuwa Iran don kada a ragargaza su a ƙasa, Iran kuwa ta riƙe su ta zuba a rundunarta. A Maris ɗin 2011 'yan tawayen Libiya sun harbo ɗaya kusa da Ras Lanuf.

Sudan ta samu nata ne a 2013, kwancen rundunar Belarus wadda ta ajiye su shekara guda kafin nan. An girke su a sansanin Wadi Sayyidna da ke arewa da Omdurman, a 2015 kuma gwamnatin Umar al-Bashir ta tura wasu cikin ƙawancen da Saudiyya ta jagoranta a Yaman. Amma kafin Yaman, 'yan ƙasar ne suka fara sanin ƙararsu. A duwatsun Nuba na Kudancin Kordofan, mutane sun riga sun saba da Antonov, jirgin dakon kaya da ake mirgino bam daga bayansa. Antonov a hankali yake tafe, ana jin gurnaninsa tun daga nesa, uwa ta samu lokacin da za ta suri goyonta ta faɗa ramin da aka haƙa a tsakar gida, ko a ruga kogon dutse. Jirgi mai gudun Sukhoi ba ya ba da wannan dama. Kusan tare yake isowa da ƙararsa. A Mayun 2014 bama-bamai sun faɗa a harabar asibitin Mother of Mercy da ke Gidel, a Janairun 2015 kuma aka kai hari kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Frandala, kuma a duka biyun waɗanda ke wurin sun ba da shaidar cewa jirgin yaƙi mai gudu ne ya yi aikin.

A nan ne tazarar da ke tsakanin abin da aka ƙera jirgin dominsa da abin da ake yi da shi ta fi fitowa fili. Babu radar maƙiyi da za a ɓuyar wa a duwatsun Nuba, babu gadar ƙarfe da za ta haska a allo. Akwai bukkoki, da gonakin dawa, da rijiyoyi.

Labarin ƙanzon kurege, da labarin gaske

A Afrilun 2014 wani Su-24 ya yi ta shawagi kusa da jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Donald Cook a tekun Bahar Aswad, haka kuma aka sake yi a tekun Baltik a Afrilun 2016. Bayan na farkon sai labari ya bazu a intanet, har ya iso shafukan Facebook cikin harsuna da yawa, wai jirgin ya kashe dukkan na'urorin jirgin ruwan da wata na'ura mai suna Khibiny, wai sojojin ruwa sun ajiye aiki don tsoro. Babu ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba a ma ɗora wa Su-24 wannan na'ura. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a harkar makamai, farfaganda ma makami ce, kuma takan riga jirgin isa.

Abin da ya faru da gaske ya fi ƙagaggen ban mamaki. Yukiren ta gaji Su-24 masu yawa daga Sobiyet a 1991, amma kafin mamayar 2022 kaɗan suka rage suna tashi, a sansanin Starokostiantinib. A fagen da ke cike da makaman kakkaɓo jirage, tsohuwar dabarar kutsawa har kan abin hari ta zama hanyar mutuwa, kuma ɓangarorin biyu sun yi asarar jirage da matuƙa. Sai a Mayun 2023 Birtaniya ta sanar da ba Yukiren makamin Storm Shadow, Faransa ta biyo da tagwayensa SCALP. Nauyin kowanne kilo 1,300 ne, zangonsa ya haura kilomita 250. Masu gyara suka ɗauko maratayan jiragen Tornado da Birtaniya ta yi wa ritaya, wani jirgin mai naɗe fiffike wanda aka ƙera don ya yaƙi Sobiyet, suka liƙa a ƙarƙashin fiffiken abokin gabarsa na da.

Kafin jirgi ya tashi ake ɗura wa makamin hanyarsa da hoton abin da zai daka. Bayan an sake shi, yana bin ƙasa-ƙasa yana gwada tuddan da yake gani da taswirar da ke cikinsa. In ya kusa, ya ɗaga sama, ya yar da murfin hancinsa, idonsa mai ganin zafi ya nemo hoton, sannan ya faɗo. Ranar 13 ga Satumban 2023 irin waɗannan makamai suka sami jirgin ruwan Minsk da jirgin ƙarƙashin teku Rostov-na-Donu a mashigar gyara ta Sebastopol. Ranar 22 ga watan suka faɗa kan hedikwatar rundunar ruwan Rasha ta Bahar Aswad. Duk abin da Orion da Relyef da jagoran da ke kujerar dama suke yi a da, yanzu ya koma cikin makamin. Jirgin ya zama ɗan dako: ya kai kaya bakin hanya, ya juya.

Abin da ya rage

Zamanin fiffike mai motsi ya wuce. Tun bayan Tu-160, wanda ya fara tashi a 1981, babu sabon jirgin yaƙin da ya shiga aiki da wannan tsari. Ƙusar juyawa da injinanta nauyi ne da su, ga cin kuɗin gyara, kuma kwamfutocin tuƙi na yau suna sa kafaffen fiffike ya yi abin da a da sai mai motsi. Su-34, magajin Su-24 a rundunar Rasha, ya gaji zaman kafaɗa da kafaɗa amma bai gaji naɗe fiffike ba.

Injiniyoyin da suka yi wannan jirgi sun warware matsaloli masu wuyar gaske, kuma ba a raina musu. Sun koya wa ƙarfe mai tan 40 ya bi kwari cikin duhu, sun koya wa kwamfuta ta san inda bam zai faɗa tun bai bar marataya ba. Daga Puma zuwa Tigr, daga Kaira zuwa SVP-24, kowane ƙarni na na'urori ya ƙara kusantar amsar tambaya guda: ina zai sauka? Amma akwai tambaya ta biyu, wadda ba a Panjshir ba, ba a Grozni ba, ba a Idlib ko Gidel ba, babu allon da ya taɓa nuna amsarta: wane ne a wurin? Wannan amsa tana hannun wanda ya kawo rahoton sirri, da hafsan da ya sa hannu a takardar umarni, da shugaban da ya yanke cewa a aika jirgin da aka ƙera don rusa gadoji ya je kan ƙauye. Duk ƙasar da za ta sayi irin wannan jirgi, sabo ko kwance, takan aika matuƙa su koyi tuƙi, makanikai su koyi gyara. Kafin jirgin ya iso, ya kamata 'yan ƙasar su san wanda zai riƙa amsa waccan tambaya ta biyu, da kuma gaban wanda zai tsaya ranar da ya amsa ta ba daidai ba.